Jar Motar Alhaji Nasiru da Shirun da Na Yi

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da aka sauke jar motar nan a ƙofar shagonmu ba. Ku yaran shago da kuke ganin furfurata kuna cewa Malam Sale ba ya kuskure, gara ku ji labarin daga bakina, kafin wani ya ba ku shi da gishiri.

Lokacin na shekara goma sha bakwai ina aiki a wajen Oga Chukwudi, mai shagon sayar da taya da ɗaurawa a Sabon Gari, can ta wajen Bata. Oga ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Shi ke kan ciniki, ni ne babban ma'aikaci, kuma ƙa'idar shagon ita ce babu motar da za ta fita sai na zagaya ta na ce ta yi. A ƙarƙashina akwai Ɗanjuma, wani Kirista daga wajen Zariya, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda bai fi shekara biyu da zuwa ba. Hannunsa yana da kyau, ba zan ɓoye ba, ga fara'a, ga iya magana da masu mota. Ni kuwa kun san halina, ko gaisuwa sai na ga dama nake tsawaita ta.

Motar tsohuwa ce ƙirar Turai, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙasa-ƙasa da ita kamar kwanciyar ƙadangare. Ina ganinta na gane ta. Ta marigayi Alhaji Bala ce na Fagge. Tun ina koyon aiki maigidana na farko ke ɗaura mata taya, ni nake miƙa masa sufana. Bayan rasuwar mai ita ta yi shekaru a rufe da tamfol, sai yanzu ɗansa Alhaji Nasiru ya sa aka tayar da injin, saura tayoyi, waɗanda duk sun tsattsage.

Na goge hannuna na miƙe, har na shirya abin da zan faɗa game da kirkin mahaifinsa. Alhaji Nasiru ya gaishe ni sama-sama, ya waiga ya ce ina Ɗanjuma. Wai shi ya yi masa aikin jif ɗinsa kwanaki, ya ji daɗi, don haka shi yake so ya kama wannan ma, kuma yana buƙatarta ranar Juma'a.

Wallahi abin ya ƙona mini rai. Motar da na sani tun Ɗanjuma bai iya tafiya ba, ita ce za a ɗanka masa a gabana, ni ina tsaye da tsumma a hannu. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, hassada ce ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya ji miyansa ya yi ɗaci.

Bari in yi wa sababbinku bayani. Lambar da ke jikin taya kashi uku ce. Ta farko faɗin tayar ne, ta biyu tsayin gefenta, ta ƙarshe girman rim, wato ƙarfen da ake ɗaura tayar a kai. Tayar asali ta wannan mota 165/80 ce a kan rim sha biyar, siririya, kuma samunta a Kano sai an aika Legas an jira mako biyu. Mu kuwa nan muna da wata al'ada: saboda ramukan hanyoyinmu, duk motar da ta zo sai mu ce a ƙara mata lamba, ta ɗan yi faɗi ta ɗan tashi. A yawancin motocin yanzu hakan ba ya komai, akwai fili. Ɗanjuma ya bi abin da kowa ke yi, ya ɗauko 195/70. Alhaji ya gani ya ce ai ta fi cika ido.

Ya ɗaura, ya ɗaure noti, ya juya tayar tana kan jak, ta juya sumul. A nan kuskuren yake. Tsofaffin motocin nan, ƙarfen jikinsu da ke rufe saman taya yana da leɓe mai kaifi ta ciki. In mota tana sama, tayar tana rataye, ba ka ganin komai. Sai an sauke ta, mutum biyu sun zauna, an karya sitiyari har ƙarshe, sannan kafaɗar tayar ke haɗuwa da leɓen. Na san haka domin a kan wannan motar maigidana ya koya mini, har da ranƙwashi.

Da ya sauke ta, Ɗanjuma ya zo inda nake zaune a kan benci, ya ce, "Malam Sale, don Allah duba mini, ya ka gani?"

Na tashi na zagaya. Idona ya tsaya a tayar gaba ta hagu, ko yatsa biyu ba za su shiga tsakaninta da ƙarfen ba. Na ce, "Ai kai aka nema. In ta yi maka, ta yi."

Oga ya leƙo ya tambaye ni ko ta fita, na ɗaga masa kai. A raina na ce iyakarta ta ɗan yi ƙara a kwana, Alhaji ya dawo da ita, a gane waye tsohon hannu a shagon nan. Haka na lallashi kaina har na ci tuwona.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka janyo ta da igiya. Tayar gaba ta hagu ta yage tun daga kafaɗa, ƙarfen ya lanƙwashe, fentin asali da marigayi ya tattala shekara da shekaru ya ɓamɓare. Alhaji Nasiru bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya ɗauki mahaifiyarsa ne zai kai ta gidan 'yan'uwanta a Kwaciri, don ta ce tana so ta sake zama a kujerar da mijinta ke ɗaukarta. Ya karya kwana, tayar ta faɗa wani ɗan rami, ta fashe, motar ta ja su har bakin kwata. Hajiya ta bugu a goshi, an yi mata ɗinki. Ni ban san da tsohuwa a lissafin ba.

Oga ya juyo ya dube mu. Kafin in buɗe baki, Ɗanjuma ya ce shi ya zaɓi tayar, shi ya ɗaura, laifinsa ne. Oga ya tambaye ni yadda aka yi ban gani ba. Na ce irin wannan ba ya nunawa sai mota ta hau hanya. Ƙarya ce, kuma ta fito daga bakina ba gargada. A ranar aka sallami Ɗanjuma. Ni aka ba aikin, aka aika Legas, tayar asali ta zo, na ɗaura, Alhaji ya yaba mini a gaban kowa. Abin da na so ke nan tun farko, amma ko sau ɗaya ban ji daɗinsa ba.

Ɗanjuma ya sha wuya wajen shekara guda yana faci a bakin titi, iyalinsa har sai da suka koma Zariya na ɗan lokaci. Daga baya ya buɗe nasa wurin a Kwaciri, ya kafu, hassada ga mai rabo taki ce. Sai da na yi shekara huɗu ina kewaye layin shagon nasa kafin wata safiya na tsaya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo shayi. Na gaya masa komai, na nemi gafara.

Ya ce, "Malam, ai na sani tun ranar da aka janyo motar. Na ga inda idonka ya tsaya. Na ɗauka in da matsala za ka faɗa, shi ya sa hankalina ya kwanta." Ya ce ya yafe, ya ƙara mini shayi. Ban iya shanyewa ba.

Shi ya sa kuke gani ba na barin mota ta fita sai an sauke ta daga jak, mutum biyu sun zauna, an karya sitiyari hagu da dama, na sa hannuna na ji. Wannan kowa zai iya koya a yini ɗaya. Mai wuyar shi ne ɗaya darasin. A sana'ar nan ƙarami yana sakin jiki ne saboda babba ya duba, mai mota kuma yana ɗaukar uwarsa saboda mu mun ce ta yi. Duk wanda ya ga aibu a aikin ɗan'uwansa ya yi gum don ba shi aka nema ba, shi ya ɗaura tayar nan, ko da bai taɓa sufana ba. Ɗanjuma aka kora, amma ni na fasa goshin Hajiya.