Rawanin Kawu

Jiya wani ƙaramin jirgi ya wuce ta saman gonata, sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya sauke ku lafiya." Maganar kawuna ce. Ko yana tsakiyar noma, sai ya dakata ya faɗe ta.

Wata damina bayan babban fari, muna noman gero kusa da Tarka, hadari ya rufe duwatsu baƙi ƙirin. Muka ji jirgi yana tafiya ƙasa-ƙasa, sai wata ƙara, sai shiru. Da ruwa ya tsagaita muka hau dutsen. Warin fetur ya gauraye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Matuƙin, wani Anasara shi kaɗai, ya riga ya cika.

Mutane suka tsaya nesa-nesa. Na ce, "Kawu, mu jira jandarma."

Ya ce, "Za mu jira su. Amma shi ma uwa ce ta haife shi."

Ya warware rawaninsa ya rufe masa fuska, ya zauna yana korar ƙuda har jandarma suka iso daga Tanout bayan la'asar. Ran nan na fara ganin furfurar kan Kawu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya raba ka da kaɗaicin kabari.