Kawu Ba Ya Wuce Mai Tafiya a Ƙasa

Kawuna direba ne. Tun kafin a haife ni yake hawa da sauka a hanyar dutsen garinsu da tsohuwar a-kori-kurarsa, yana kai wa mutane taki da kwanon rufi. Halinsa guda ne: ba ya iya wuce mai tafiya a ƙasa. Kuma in ya tsaya sai ya kashe mota, wai ba a gaisuwa inji na ƙara. Motar kuwa ba ta tashi sai an gangara da ita.

Da hutun bana na raka Mama, ƙanwarsa, muka je wurinsa. Idonta ya fara dusashewa, likita ya ce abin gaba zai yi. Burinta ta sake ganin ruwan da ke zubowa daga ƙolin dutsen, inda suke wasa suna yara. Sai dai da rana ta karkata gajimare kan sauko ya rufe wurin ruf.

Kullum Kawu na cewa gobe, har saura kwana ɗaya mu koma. Ranar muka fita da hantsi.

Ba mu yi nisa ba ya taka birki saboda wata mai itace. Aka gaisa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da saniyar da ta yi ɗingishi bara. Sannan ya saki mota ta gangara da baya, Mama na salati, kafin ta tashi.

"Yaya, don Allah rana na yi," in ji Mama.

"Auta, dutse ne fa, ba kasuwa ba. Ba ya watsewa."

Gaba kaɗan muka ɗauki mai akuya, sai wani tela da kan keken ɗinkinsa, wanda gidansa ma ba a hanyarmu yake ba. Ni ina baya, akuya na cin bakin rigata, tela na ba ni tarihin ciwon bayansa. Na saurara, don babu wurin gudu.

Da muka isa, fari fat. Ƙarar ruwan kawai muke ji.

"Ga shi can," in ji Kawu, yana nuna gajimare.

"Ina?" in ji Mama. "Kunne na ce maka yana ciwo ko ido? Tun muna yara haka kake. A aike ka gishiri, ka dawo da baƙo!"

Ya gangara da mota, muka koma gida.

Da asuba ya buga mana ƙofa, ya rantse yau ko hannu ba zai ɗaga wa kowa ba. Muka kama hawa. A wata kwana sai ga tsoho da buhu a ka. Kawu ya ƙanƙame sitiyari, ya kau da kai, ya wuce. Gumi na bin wuyansa duk da sanyin nan, yana ta leƙen madubi.

Mama ta ja tsaki. "Tsaya ka ɗauke shi, kada ka jefa mu rami da kallon baya. Amma wallahi ka kashe motar nan, ni da kai ne."

Ya tsaya, ya gaisa da tsohon, inji na ƙara, yana ta ba shi haƙuri.

Mun isa sama garau. Mama ta daɗe a tsaye, hannu a goshi, tana kallon ruwan. Da ta juyo ta ce a tafi, Kawu na can gefe, ya riga ya kashe mota, yana tambayar tsohon lafiyar jikokinsa.