Wake Ɗayan da Ya Rage

A Bazaga, in an gama tuwon dare, Kaka Habsu takan tura karan gero cikin wuta ta ce, "Ga ta nan, ku kama ta kar ta tsere." Tatsuniya ɗaya ce muke roƙo kullum, ta Akuya da kuraye goma.

Kurayen ne suka cinye 'ya'yan Akuya. Ba ta yi kuka ba. Ta san dokarsu: ba su cin komai sai rabo ya zo daidai. Sai ta soya fara dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya, ta zube musu a bakin rami. Suka raba goma, ɗaya ta rage. Kan wannan ɗayar suka yi faɗa, kura guda ta mutu. Suka sake rabawa tara, ɗaya ta rage. Takwas ma haka, bakwai ma haka, har aka zo kan biyu. Ta ƙarshen ta cinye tulin ita kaɗai, ciki ya hana ta tashi, Akuya ta zo da ƙahonta a natse.

Na ce, "Kowane rabo sai ɗaya ta rage, Kaka?"

"Ko da wane, ɗiyata. Da wake na gwada shi, rani guda cur."

Gaskiya ne. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma tana da ƙwaryar wake da ta ƙidaya da hannunta.

Wata rana ɗan ƙanenta, Kawu Ila, akawu a masana'antar siminti ta Malbaza, ya tarar da mu. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Gwaggo, ke da ba ki taka lakwal kin yi boko ba, mi kika sani ga dubu? Ki bar cika kan yara da ƙarya."

Ya sa takalmi ya ture ƙwaryar. Kaka ta durƙusa tana tsince wake cikin toka, gabanmu. Ba ta ƙara ba da wannan tatsuniyar ba har ta rasu, ta tafi da sunan maƙaryaciya.

Ina da 'ya'ya shida na shiga ajin manya a Konni. Ranar da muka kai rabawa, na ba malamarmu lambar farar Akuya. Ta cika allo, ta goge, ta sake. Sannan ta ce, "Daga biyu har goma, ɗaya ke ragewa. Kuma irin lambobin nan ce da babu mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Wa ya ba ki?"

Kwana uku na yi ina ƙidayar wake. Na shiga motar Malbaza, na aje ƙwarya gaban Kawu Ila, jikokinsa na kallo.

"Kawu, kai mai lakwal, raba mani goma."

Ya raba. Ɗaya ya rage.

"Tara."

"Ke Zali, na tsufa hwa."

"Ita ma tsohuwa ce. Tara."

Sai la'asar muka kai biyu. Na ɗauki waken da ya rage na danna masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai.

Mutane sun ce ban kyauta ba, dattijo ne. Na ji. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar haɗamar kura take zagi. Yanzu na san darasin na Akuya ne: kafin ta soya fara ko ɗaya, sai da ta zauna ta koyi ƙidaya.