Daminar Da Na Rufe Rijiyar Surukina

Aikin duba rijiyoyi da mahauta a unguwarmu ta Birnin Gwari gadonsa na yi daga wan mahaifina, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. Ba sarauta ba ce, babu rawani. Da safe in zaga in leƙa rijiyoyi, in shinshina naman da aka rataye, in duba inda juji ya tare hanyar ruwa, in kai wa Magajin Gari labari. Shekara huɗu ina yi ba wanda ya damu da ni.

A damina ta biyar, tsakiyar marka, amai da gudawa suka shigo unguwa. Gida uku suka kamu, kafin kwana biyu sun zama bakwai. Na bi su ina gaisuwa ina tambayar inda suke ɗiban ruwa. Duk amsa ɗaya: rijiyar ƙofar gidan surukina, mahaifin matata. Na ja guga, ruwan ya fito da ɗan wari. A bayan danga na tarar da masai da aka haƙa da bazara, taku goma da bakin rijiyar, ruwan sama ya cika shi har yana malalowa.

Na nufi wurin surukina. Mutum ne da ko ido ba na haɗawa da shi. Na tuɓe takalma a bakin zaure na durƙusa.

"Baba, ruwan nan nake zargi."

"Kakana ya haƙa ta," ya ce, bai dube ni ba. "Da ruwanta aka raini matarka. In ka rufe, mata su je ina? Rafi?"

Abin da ya hana ni cin tuwo ke nan ranar. Rijiyar masallaci ba ta isar unguwar duka, rafin kuwa yana wajen ganuwa a bakin daji, kuma a shekarun nan mahara na kwashe mutane a gonaki.

Magajin Gari ya saurare ni har na gama.

"Ka tabbata rijiyar ce?"

"Ranka ya daɗe, ban tabbata ba. Amma masu sha a rijiyar masallaci ba wanda ya kwanta."

"To rufe. Abin da ya biyo baya, kai za a tambaya."

Na jera guma-gumai a bakinta na ɗora ƙaya. Surukina ya shige gida. Na roƙi maharba biyu, kullum da hantsi mu raka mata rafi, ina ƙirga su a fita ina ƙirga su a dawowa. Ko gwaggon biri ya motsa reshe sai in waiwaya.

Rana ta shida muka fita da mata goma sha tara, a ƙofar gari na ƙirga sha takwas. Wadda babu ƙanwar surukina ce, dattijuwa. Na koma da gudu, na tarar da tulunta a bakin ruwa ita ba ta nan. Na yi ta kiran "Gwaggo!" har muryata ta dishe. Can sai ga ta ta fito daga wajen rugar Fulani riƙe da ƙwaryar nono da ta karɓo wa jikarta mara lafiya. Na zauna a taɓo.

"Kai kuwa lafiya?" ta ce.

Bayan mako biyu cutar ta lafa. Mun binne tsoho ɗaya da jariri. Wasu suka ce rufewar ce, wasu suka ce saukar Alƙur'ani da aka yi, ni kaina har yau ban sani ba. Surukina bai amsa gaisuwata ba sai da kaka. Da rani aka cike masan, aka yashe rijiyar, shi ya tsaya a kan aikin, amma bai aika a kira ni ba.