Lambar da ke Bin Tasa

A unguwarmu da ke garin Malang, da gyaran waya aka san Harjito. Da idonsa ya gaji da ƙananan kusoshi sai ya koma farautar ɓaraka a manhajoji: ya gano inda aka bar ƙofa a buɗe, ya sanar da masu ita, su ba shi tukuici. Wani lokaci su ce an riga shi, ya tashi a tutar babu. Ni mai shagon shayi ne a gefen masallaci, kuma na sha yi masa tsiya. Mas nake ce masa, wato yaya a yarenmu.

"Mas, wai kai ɓarawo ne ko mai gadi?"

"Zuba shayi, sarkin surutu. Ɓarawo na barin lambar wayarsa?"

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya leƙa bayanan kowa. Asusu biyu yake buɗewa, duk nasa, ya gwada shiga wannan daga wancan.

Wani asibitin kuɗi ya gayyaci irinsu su gwada masa manhaja. Ranar ganda ta hana Harjito buɗe asusu na biyu, sai kawai ya ƙara ɗaya a kan lambarsa ta majinyaci. Shafi ya buɗe. Ya manta rana ɗaya suka yi rajista da matarsa Lastri, tana bayansa a layi.

Ciwon daji ne a mama. Wata uku ke nan tana zuwa asibitin duk Alhamis, shi kuwa ta ce masa karatun mata take zuwa a masallaci.

Ya tura rahoto, bai ɓoye cewa ya ga shafin mutum ɗaya ba. Sannan ya zo ya zauna a bencina, shayinsa ya huce.

"In na yi magana, na leƙa abin da ta rufe," in ji shi. "In na yi shiru, ita kaɗai za ta ci gaba da zuwa."

Na ɗauke shayin da ya huce, na zuba masa wani. Tausayinsu ya kama ni.

Ran Alhamis ya fito da babur. Bu yake ce wa Lastri, wato uwargida, ita kuma ta ce masa Pak, wato maigida.

"Bu, hau in kai ki karatun."

"Yau kuma, Pak? Nan da can?"

"Hau dai."

Ina tsaye suka iso ƙofar masallaci. Bai rage gudu ba, ya miƙe hanyar asibiti. Lastri ba ta ce ya tsaya ba, sai ta kifa goshinta a bayansa.