Rabin fuska da na ba sabulun Inna

Shekarun baya, a shekarar da na fara koyarwa a wata lakwal nan Dakoro, ƙuraje suka yi mini rufdugu a fuska. Ƙanana ne, masu ƙaiƙayi, sun cika kumatuna biyu. Ga ni sabuwar malama mai son a ga ta waye, ga fuska kamar bayan kwarya da aka yi wa zane.

A gidanmu sabulu ba abin saye ba ne. Mahaifiyata ke yin shi. Duk bayan layya sai ta tattara kitsen raguna, namu da na maƙwabta, ta narke shi, ta tace ruwan tokar karan gero, ta zauna gaban wata tsohuwar tukunya tana tuƙawa da muciya tun hantsi har la'asar. In ya huce ta cure shi dunƙule-dunƙule. Da shi aka yi mini wankan jarirai, da shi na girma. Yana da ɗan warin rago, ba zan ɓoye ba.

Yayata kuwa 'yar kasuwa ce, tana sarin kayan shafe-shafe daga Maradi. Da ta ga fuskata sai ta ajiye mini wata kwalba mai ruwan wankin fuska, mai ƙamshin lemo. A gaban Inna ta ce, "Ki bar wanga kitse, shi ka toshe miki hwata. Yanzu wa ka wanka da mai?"

Inna ba ta ɗaga murya ba. Dama matan unguwa sun fara ja da baya daga sabulunta, ta kuma sani. Ta ce, "To shi ke nan. In na kwalba ya warkar da ita, na aje tukunyar, ba ni ƙara yi."

Nan na shiga ruɗu. In na ɗauki kwalba, na kashe wa Inna sana'ar da ta gada daga uwarta. In na ɗauki sabulu, ƙila in ci gaba da shiga aji ina soshe-soshe. Sai kaina ya kawo mini wata dabara da na ɗauka ta masu ilmi ce: kuncin dama na Inna, kuncin hagu na Yaya, ba tare da kowa ya sani ba. Har alfahari na yi da kaina a ranar.

Satin farko hagu ya lafa, na ce shi ke nan, kwalba ta ci. Ban gama jimamin yadda zan gaya wa Inna ba, sai hagun ya sake tashi, dama ya kwanta. Sati na uku duka suka tashi tare. Wata safiya ma na tsaya a makewayi da kumfa a hannu, na rasa ko jiya na yi daidai ko na musanya, don madubi kansa juya mini hagu da dama yake yi. Wata abokiyar aikina ta ƙara dagula lissafin, ta ce ita tana ganin allin da nake rubutu da shi ne, don kullum tana ganina na yi tagumi da hannu fari fat.

Ana haka aka ba da hutun ƙarshen shekara. Cikin kwana goma fuska ta washe, dama da hagu, ba tabo. Sabulu ne? Kwalba ce? Alli ne na daina taɓawa? Ko ruwan sama ne da ya sauka zafi ya ragu? Wallahi har yau ban sani ba.

Yaya ta zo gida ta gan ni, ta kama haɓata tana juyawa. "Kin gani ko, Inna? Mi na ce miki?"

Suka zuba mini ido su biyu. Na so in yi ƙarya, amma na rasa wadda zan yi wa. Sai na ce, "Gaskiya ban san wanda ya yi aiki ba."

Inna na tsintar wake a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ina za ki sani, tun da raba huskar kika yi biyu."

Na tambaye ta wa ya gaya mata.

Ta ce, "Curi guda wata ɗaya yake yi miki. Wanga ya shiga na biyu bai ƙare ba. Ni na yi shi, na san yadda yake cinyewa." Sannan ta ce, "Shekara ashirin da huɗu ina wanke huskar nan duka, ɗiyata. Yau rabi kika ba ni."

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban iya ba, kunya ce ta rufe ni.

Layyar da ta biyo baya, Inna ta raba kitsen ga maƙwabta. Kwalba ba ta ci ba, amma ta kife tukunyar a bayan rumbu. Na bari har shekara ta zagayo kafin na yi ƙarfin halin ɗauko ta, na wanke, na ce ta koya mini. Ta zauna kan tabarma tana ba ni umarni, amma ba ta taɓa muciyar ba.

Abin da na gane daga baya shi ne, ni ina can ina gwada sabulu, ita kuwa ni take gwadawa. Yanzu Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Duk bayan layya nakan yi sabulun, wani lokaci ya yi ruwa, wani lokaci ya yi zafin toka, bai taɓa zama kamar nata ba. In wata ta tambaye ni wanne ya fi wa fata, nakan ce ban sani ba, kuma da gaske nake. Amma in na ɗauki curin nan, duka fuskar nake wankewa.