Ranar da Matan Moshi Zango Suka Zaɓi Sunayen Aro

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo ajina na dabarun bincike, sai an sami wanda zai tambaye ni wace rana ce ta fi ba ni wuya a wannan aiki. Ranar ba ta taɓa fita daga raina ba. Wata Asabar ce a Moshi Zango, wata unguwa a Kumasi, ina shekara ta biyu a digirina na biyu a ilimin zamantakewa, ban ma fara koyarwa ba.

Bincikena a kan mata masu sayar da abinci ne. An tashe su daga bakin titi don za a faɗaɗa hanya, aka ce za a ba kowace rumfa a wani fili. Wasu sun samu, wasu ba su samu ba, ni kuma ina so in san yadda aka yi rabon. Malamin da ke duba aikina, Dokta Kwabena, ya ce in yi abin da muke kira tattaunawar rukuni. Ga wanda bai san ta ba, abu ne mai sauƙi a takarda: ka tara mutum takwas, ka ajiye rikoda a tsakiya, ka jefa tambaya, ka bar su su yi magana. Kafin nan sai kowa ya sa hannu a fom cewa ya yarda, kai kuma ka yi alkawarin ɓoye sunansa don kada maganarsa ta jawo masa fitina. Akwai kwamiti a jami'a da ba shi da aiki sai tabbatar da wannan alkawari.

Na karɓi jerin sunayen matan a hannun shugabarsu, Magajiya Memuna mai waakye, wato shinkafa da wake, na yanka takardu, na zuba a kwano, na zaro takwas ido a rufe, kamar yadda aka koya mana. Ƙuri'a ba ta faɗa kan Magajiya ba. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta tambaye ni ita wannan ƙuri'ar 'yar gidan wa ce da za ta tsallake Magajiya. Na yi mata bayanin cewa haka ilimi ya ce. Ta ce to, ilimi ya shirya kujera tara.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a tsakar gidan gwaggona. Dokta ya zo da kansa don ya ga yadda zan tafiyar da zaman. Ba'asante ne, dattijo mai natsuwa, Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Matan takwas suka zo cikin kwalliya kamar za su suna. Ina cikin raba fom sai ga Magajiya ta shigo, kujerar roba a hannu ɗaya, kular waakye a ɗaya hannun. Ta wuce ni kai tsaye. Ta gaisa da Dokta da yarensa na Twi, ta cika masa faranti har da taliya da ƙwai da soyayyen yajin da ake kira shito, ta kafa kujerarta dab da rikoda. Dokta ya ce da ni a hankali tara ma ba laifi. A lokacin cokali yana hannunsa.

Na kunna rikoda, na karanta musu fom da Hausa. Da na zo wurin suna, na ce kada kowa ta damu, a cikin kundina ba za a ga sunan kowa ba, sai dai Mai Amsa ta Ɗaya, Mai Amsa ta Biyu, haka har ƙarshe. Magajiya ta tambayi ita ta nawa ce. Na ce ta tara, tunda ita ce ta zo ƙarshe. Ta tambayi wace ce ta ɗaya. Na nuna wata mata siririya da ke zaune can gefe, wadda kowa ke kira Mai Koko.

"Rahinatu," in ji Magajiya, "ina sayar da abinci a titin nan tun uwarki tana goyonki. Yau ni ce ta tara?"

Don in kashe maganar, sai na ce to a bar lamba, kowace ta zaɓi sunan aro da take so. Ina tsammanin na yi dabara.

Anti Adiza mai tuwo ce ta fara. Ta ce ita a kira ta Memuna. Magajiya ta juyo ta dube ta, ta ce wato duk zagin da za ta yi wa mutanen ofishin da ya raba rumfuna sai a karanta a ce Memuna ce ta faɗa. Anti Adiza ta ce ai ba ita kaɗai ce Memuna a Kumasi ba. Magajiya ta ce in haka ne, ita ma a rubuta ta Adiza, kuma tana da abubuwan faɗa da yawa. Wata mai suna Zenabu ta ce a sa mata Hajiya Balkisu. Hajiya Abiba, wadda ta je Makka sau biyu, ta ce sunan ne na aro, ba hajjin ba, Zenabu ko filin jirgi ba ta taɓa zuwa ba. Zenabu ta ce ai niyya tana nan. Aka fara shawarar a aika a kira malam ya raba gardama. Na ce babu malam a cikin fom ɗin da kwamiti ya amince da shi, ba wadda ta saurare ni.

Duk wannan abu Dokta yana ta rubutu. Yana ganin hannuwa na tashi, muryoyi na hawa, sai ya gyaɗa kai. Da na yunƙura zan tsawatar, ya riƙe ni da ido, ya raɗa mini da Turanci cewa kada in katse su, irin wannan zafin ne mai bincike ke shekara yana nema. Muka kai minti arba'in ban yi tambaya ko ɗaya daga cikin goma sha biyun da na shirya ba.

Can sai Anti Adiza ta miƙe tsaye tana bugun ƙirji. Dokta ya matso ya ce in fassara masa wannan kalma da kalma, yana so ya sa a wata takarda da yake rubutawa. Na yi tunanin in ƙirƙiro masa wani abu a kan zalunci. Amma rikoda tana ɗauka, kuma watarana wani mai jin Hausa zai saurara. Sai na gaya masa gaskiya: tana cewa ne gara a kira ta da lamba da a kira ta Fati, domin Fati sunan maƙwabciyarta ce da akuyarta ta cinye mata kuɓewa. Dokta ya dubi shafi huɗu da ya cika. Ya rufe littafin, ya cire tabarau, ya ce a ƙara masa shito.

A nan ne Mai Koko ta yi magana. Daga arewacin ƙasar ta zo, ba Bahaushiya ba ce, Hausar koyo take yi, mace da namiji duk "ka" take ce musu.

"Madam, ni ba na so sunan aro. Ka rubuta nawa. Lariba Isaka."

Na ce ƙa'ida ba ta yarda ba, don kare ta ne. Ta ce ɓoye sunan ne ya hana ta rumfa. Ranar da akawun ofis ya zo rubuta sunaye, an rubuta ta Mai Koko. Masu koko kuwa su uku ne a titin. Ranar rabo da aka kira Mai Koko, wadda ta riga amsawa ita ta karɓi mabuɗi. Da ta je ofis, aka buɗe littafi aka ce babu Lariba Isaka a ciki, kuma Mai Koko ta riga ta samu.

Magajiya ce ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ta tsaya a kan akawun tana faɗa masa sunaye, kuma shekara goma sha ɗaya suna zaune kusa da juna, sai yau ta ji sunan Lariba. Na duba takardar da ke hannuna, wadda na yi ƙuri'a da ita. Ni ma Mai Koko na rubuta.

Daga nan ba sai na yi tambaya ba. Kowace ta faɗi yadda aka rubuta ta a littafin ofis, da wadda aka haɗa sunanta da na wata, da wadda aka sa sunan mijinta da ya rasu. Dokta ya sake buɗe littafinsa, amma wannan karon kowace jimla sai ya tambaye ni ko har yanzu maganar akuya ce.

Ran Litinin Dokta ya ce ba ni da ikon karya ƙa'ida, amma ina da ikon neman izini. Na rubuta wa kwamiti wasiƙa. Suka ce sai na koma na karanta wa Lariba duk abin da ta faɗa, na bayyana mata abin da zai iya biyo baya, ta sake amincewa a gaban shaida. Na yi haka, Magajiya ce shaidar. Bayan makonni shida suka yarda. Sauran matan kuwa ni na zaɓa musu sunaye a ɗakina, ban sake neman shawarar kowa ba. Rumfa kuma ba kundina ne ya samo ta ba. Magajiya ce ta ɗauki Lariba da kujerar roba suka yi ta zirga-zirga ofis har aka gaji da ganinsu, aka yanka mata gefen wata rumfa.

Da na gama karatu na kai wa Lariba kwafin kundin mai bango. Bayan wata guda na tsaya sayen ƙosai a wurinta, ta naɗe mini a takarda. Ina buɗewa na ga jerin littattafan da na karanta, mai ya jiƙa shi. Ta ce shafin da ke da sunanta yana gida cikin leda. Sauran kuwa sunayen Turawa ne, ta sa an karanta mata, ba ta san ko ɗaya ba, kuma takardar tana shan mai da kyau.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina ke nan. Ƙa'idar ɓoye suna tana da amfani, ku riƙe ta, amma ku tambayi mutum kafin ku kare shi, domin ya fi ku sanin abin da ya cuce shi. Kafin ku zaro suna daga kwano, ku bincika wa ya rubuta jerin. Kuma idan za ku kai wa mai ƙosai kundinku, ku fara cin ƙosan kafin ku duba takardar.